Daƙiƙa Talatin

Ni ne wanda a Tudun Hatsi
ake nunawa da leɓe: ga mai buhunan can.
Shekara ashirin ina kan benci
ina ƙirga gumin wasu,
har tumbina ya fara riga ni shiga ƙofa,
ya fara riga ni gaisawa da mutane.

Ran da na sunkuya ɗaukar biro
numfashi ya ƙi dawowa da wuri,
likita ya dubi awonsa, ya dube ni,
ya ce, "Alhaji, jininka na hawa
kamar kuɗin wake da damina."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Adama, 'yata ta uku, mai koyon aikin jinya,
ita ta tare ni bayan asuba, waya a hannu.
"Baba, ba sai ka yi awa guda ba.
Daƙiƙa talatin, da iyakar ƙarfinka,
sai minti ɗaya kana takawa a hankali.
Sau takwas. Shi ke nan."
Na ce, daƙiƙa talatin?
Ai ko cinikin mudu ɗaya ya fi haka tsawo.

A bayan filin wasa na Pantami
ta ce, "Tashi!"
Nan na gane daƙiƙa talatin gari ce guda,
da unguwanninta, da hawa da gangara,
da lungun da mutum ke tuna zunubansa.
Zuciya tana dukan ƙirji
kamar mai bin bashi ya san kana ciki.
Cinyoyi suna zagin juna.
Minti ɗayan hutun kuwa
mudun marowaci ne, an buga masa gindi.
A zagaye na uku na zauna a ƙasa,
wani mai shayi ya miƙo mini ruwa bai ce komai ba,
shirunsa ya fi dariya ciwo.

Jibi muka koma. Ta ce jiki na son kwana ɗaya
ya ɗinke abin da aka yaga.
Dija ta mayar da masata daga tara zuwa huɗu,
na yi fushi na kwana biyu, na ci huɗun.

Wata Laraba ina zaune a rumfa
tirela ta zo lodin masara.
Na ga Bappayo ya ɗora buhu a wuya,
ya hau katako a guje, haƙora a cije,
ya sauke, ya sauko yana jan iska,
yana tafe kamar ba shi ba,
sannan ya sake ɗauka.
Na ƙirga a zuci. Talatin. Sittin. Talatin.
Babu waya, babu takalmin roba,
cikinsa a shafe kamar faifai.

Ashe na san wannan karatun.
Na yi shi ina ɗan sha tara,
a wannan katakon ko ƙanensa,
ana biyana sule-sule.
Yau ni ke sayen takalmi
don in nemo abin da na yar a nan.

Wata huɗu ke nan.
Ban zama saurayi ba, kada a yi mini ƙarya.
Gwiwar hagu tana da ra'ayinta,
akwai safiyar da bargo ke cin nasara.
Amma tela ya rage mini wando sau biyu,
yana gunaguni kamar daga jikinsa aka yanka,
kuma ina kai sujada in ɗago
ba tare da na dafa kafaɗar maƙwabci ba.

Jiya Adama ta makara.
Ni na ƙwanƙwasa mata ƙofa.
Ta fito tana murza ido, ta ce, "Sau nawa yau?"
Na ce takwas.
A na bakwai na yi nadama,
na takwas ɗin dai na yi shi.