Matar Gida Na Sha Tara

A layinmu na Hull, inda ruwan sama ba ya gajiya,
akwai Doreen Pickersgill, gida na sha tara,
labulen tagarta kullum a ɗage da faɗin yatsu biyu.

A bakin Clive mai gyaran famfo na fara jin kalmar.
"Bizibodi," ya ce ƙasa-ƙasa, ya nuna tagar da haɓa.
Na nemi fassara, ya sosa ƙeya:
kalmomi biyu ne aka ɗaure da zare ɗaya,
ta farko yawan aiki, ta biyu jiki.
Jiki mai yawan aiki? Ai wannan yabo ne, na ce.
Ya yi dariya har sifana ta suɓuce masa.
Aikin dai, in ji shi, ba nata ba ne.

Ita ta san wa ya fitar da shara ranar da ba ta shara ba,
motar wa ta haye layi da taku guda.
Ta san 'yar gidan Hargreaves ta cire zobe
tun uwar yarinyar ba ta lura ba.
Ba a faɗa mata kalmar a ido.
Ta bayan shinge ce,
ana sakinta bayan an gama ina kwana.

Sai wata Laraba cikin sanyin Janairu,
kwalaben madara biyu a ƙofar tsoho Wilfred,
ta jiya ta daskare har ta ture murfinta.
Mu goma sha ɗaya muka wuce su.
Na ƙirga daga baya, har da ni.
Kowa ya kama girmansa, ba ruwan wani da wani.
Doreen ta tsallaka titi da silifas,
ta durƙusa, ta leƙa ta ramin wasiƙa,
ta ƙwala kira, ta bugo wa motar asibiti.
A gindin matakala aka same shi,
ƙugu a karye, da sauran numfashi.

Mako biyu layinmu ya rasa sunan kiranta.
An kai furanni. Clive ya gyara mata famfo kyauta.

Kwana uku da sallamo Wilfred
ta tare kekensa a bakin ƙofa:
"Likita ya hana ka taba. Na ga hayaƙi jiya."
Ya jira ta ba da baya,
ya dube ni, ido na ƙyalli,
ya motsa leɓe ba sauti.

Ban nemi fassara ba.