Kukan Lun a Minnesota

Aili Koskela ta kashe fitila,
ta zauna bakin tafki.
Can cikin duhu lun ya yi kuka,
dogo, kamar mai cigiyar ɗan'uwa.

Da hantsi ta gan shi: ido ja wur,
baƙin baya mai ɗigon fari,
ɗansa lafe a kai.
A tudu gurgu ne, da ƙirji yake jan jiki.
In ya nutse kuwa
sai ka gaji da ƙirge kafin ya ɓullo.

Kafin ƙanƙara ta rufe tafkin
iyaye ke fara tashi zuwa teku,
ɗan ya nemi hanya shi kaɗai.

Aili ta ja bargo ta ce,
"Mu a gidanmu
'ya'yan ne suka riga mu tashi."