Buhu Mai Ciki Uku

Shekara talatin da ɗaya ina Dawanau,
layin 'yan wake, rumfa ta tara daga bakin kwalbati.
Na san wake da ido, na san shi da haƙori.
In na cusa hannu cikin buhu
zan gaya maka na Gumel ne ko na Damagaram.
Abu ɗaya ya gagare ni: ƙwaro.

In ba ka kwana a kasuwa ba, ba ka san muryarsa ba.
Sai dare ya tsala, an kashe janareta,
ka kara kunne jikin buhu
ka ji ƙus, ƙus, ƙus,
kamar ana ƙirga kuɗinka a wani ɗaki.
Da kaka ka zuba jari,
da bazara ka kwance baki ka tarar da gari.

Mun yi toka. Mun yi barkono.
Mun shanya har siminti ya gasa mana tafin ƙafa.
Daga baya muka koma wa hodar nan mai wari
da ake sayarwa a ƙulle, ba suna, ba takarda.
Na barbaɗa. Ba zan ɓoye ba, na barbaɗa.
Sau uku nake wanke hannu kafin alwala,
waken gidana kuwa daban nake ware shi,
ban taɓa tambayar kaina
bakin wa sauran zai shiga ba.

Balaraba ce ta tambaya.
Autata, da waken nan na biya mata jami'a,
ta dawo da farar riga a jaka
da ido mai tsayawa a kan mutum.
Ta ce, "Baba, alalar da yara ke saya a Kurna
kafin a kaɗa ƙararrawa,
daga wane buhu take?"
Na ce ta tashi ta ba ni wuri.
Ta tashi. Ran Asabar sai ga ta da buhu a hammata.

Ba laya a ciki, ba magani.
Leda cikin leda, su biyun cikin buhu,
kowanne a murɗe bakinsa, a ɗaure tamau.
"Ƙwaro numfashi yake yi, kamar ni da kai.
Hana shi iska ka huta."
Na yi dariya har Tanimu mai awo ya leƙo.
Shekara talatin ina dambe da abu,
ashe hanci gare shi?
Ta ce ba hanci ba, ƙofofi ne a gefen ciki,
ta gan su a madubin ɗakin gwaji
inda ƙwaro ke komawa kamar ɗan akuya.

Na jingine shi a lungu don kada ta yi fushi.
Makon farko, ƙus, ƙus.
Mako na uku na kara kunne,
shiru.
Shirun nan ya fi ƙarar ba ni tsoro.

Wata biyar muka kwance.
Ya zubo a faranti, fari tas, yana ƙara kamar tsakuwa.
Tanimu ya ɗauki ƙwaya ya ciza,
ya sake ciza, bai ce uffan ba,
da la'asar ya aiko yaro tambayar kuɗin buhu.

Yanzu zancenta ya wuce ni.
Wai akwai iri mai nuna kafin damina ta juya baya,
wai ana aika ƙasar gona a ƙulli, a gaya maka abin da take yunwa,
wai waya ta san ranar da hadari zai haɗo.
Wani na gane, wani na gyaɗa kai kawai.
Buhun da tsada, ban ce babu ba,
ɓera kuma bai je jami'a ba,
in ya samu sarari hudawa yake.

Amma jiya a Kurna, da hantsi,
na tsaya gaban wata mai alala,
na miƙa ɗari biyu, ta yarfa mini manja.
Na ci a tsaye, tsakanin yara masu jakunkuna,
ban tambaye ta inda ta auno ba.