Ɗaya ga Janairu

A ofishinmu na bayan Birni,
inda dutse ke riƙe zafin rana har bayan isha'i,
ni ce mai shigar da sunaye.
Daga Mirya, daga Dirum, daga Takeita
rajistoci ke zuwa a bayan kabu-kabu,
ɗaure da igiyar roba,
wasu da tabon miya,
wasu gara ta riga ni karantawa.

Na'ura ba ta san "wajen shekara kaza" ba.
Ka ce mata an haifi yaro
shekarar da rijiyar gari ta rufta,
sai ta tsaya tana ƙifta maka ido.
Don haka duk marar takardar haihuwa
muka yanka masa rana guda:
ɗaya ga Janairu.
Ni kaɗai na haifi yara dubu huɗu a ranar,
ba naƙuda, ba wankan jego, ba ragon suna.

Wata Talata kuran ya dawo da la'asar,
allo ya yi ja, wai layi biyu mutum ɗaya:
Barira Tanimun, aji shida, Gafati.
Barira Tanimun, aji shida, Gafati.
Mushe Kiyari ya leƙo ta kafaɗata:
share guda, Yamai na jiran lissafi kafin Juma'a.
Na share.
Yatsa ɗaya, ko ƙara bai yi ba.
Jimilla ta zauna daram
kamar faifai a bakin ƙwarya.

Kwana goma sha tara, sai waya.
Darektan Gafati ya hau tudu neman rezo,
ina jin iska da kukan akuya a bayansa.
Madam, lambar tebur ɗaya kuka aiko,
ni kuwa Barira biyu gare ni.
Ɗaya doguwa, da hagu take rubutu,
ɗaya mai wushirya, ba a kama ta a lissafi.
Ubanninsu ma takwarorin juna ne,
Tanimun mahauci da Tanimun mai facin taya.
Tun safe suna zaune a benci guda,
kowacce na tura wa ƴar'uwarta takardar,
tana cewa taki ce.

Ban san wacce na share ba.
Abin da ya hana tuwo wuce mini wuya ke nan.

Da sassafe na tare Laminu mai tsara manhajar
yana kulle babur ɗinsa a gindin dogon yaro.
Na ce, buɗe mini gurbi ɗaya.
Ya ce, na me? Fam ya riga ya cika.
Na ce, na sunan uwa.
Ya yi tsaki, ya sha shayinsa, ya yi waya sau uku,
kafin azahar ga ƴar taga fara a gefen allo.
Na rubuta: Barira ta Gaptiya.
Na rubuta: Barira ta Laure.
Jimilla ta ƙaru da ɗaya,
Yamai ta aiko tambaya, me ya taɓa lissafi?
Mushe Kiyari ya amsa da kansa, ban ga abin da ya ce ba.

Yanzu in allo ya yi ja, waya nake ɗauka.
Katin daga aljihuna yake fita,
wani darektan sai na kira sau biyar,
wani sai ranar kasuwa ake samun sa.

Ɗazu kuran ya sake tafiya,
allo ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki.
Katina ma ɗaya ga Janairu ya ce.
Inna kuwa ta sha faɗa mini:
daren Alhamis ne, gero ya fara fidda kai,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
har ungozoma ta zame a ƙofar gida.