Lissafin Zulai

Wad Madani, bayan magariba, wuta ta ɗauke.
Zulai ta ja fitila kusa da gadon igiya
tana karanta aikin gida da ƙarfi:
mota ta tashi daga nan zuwa Khartum,
kilomita ɗari da tamanin,
sittin a kowace awa, ba ƙari, ba ragi.
Ta raba nisa da gudu.
Awa uku, ta ja layi biyu a ƙasa.

Kakanta Barau ya ajiye kofin shayi.
"To, raba mini tawa."

Daga Haɗeja zuwa bakin wannan kogi,
a ce dubu uku.
Ƙafar saurayi tana cin biyar a awa,
tafiyar awa goma kullum.
Zulai ta lashi bakin fensir.
"Kwana sittin, Kaka."

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara goma sha ɗaya na yi.

Ina kika sa damina biyu a Abeshe,
ina noman geron wani don guzuri?
Ina jakin da ya durƙusa a rairayi,
muka raba kayansa a kawunanmu?
A Junaina na haƙa wa ƙanena Ilu kabari
da fartanyar aro.
Wannan awa nawa ce?
A Nuhud wata yarinya mai tallar gyaɗa
ta yi mini kuskuren canji,
na koma in mayar mata,
ban fito ba sai da goyon babanki."

"Malam ya ce gudun ba ya canjawa."

"Malaminku bai taɓa taka ƙaya ba."

Zulai ba ta haƙura ba, ta juya shafi.
Daga nan zuwa teku, dubu ɗaya, ko kusa.
"Saura kwana ashirin ka ga jirgin Jidda."

Ya dubi ƙafafunsa a cikin tasar ruwan ɗumi,
faso ya tsattsaga su kamar gonar auduga a rani.
Shekara hamsin ke nan yana cewa baɗi.

"Rubuta ashirin ɗin," ya ce,
"amma da fensir."

Wuta ta dawo, fanka ta kama juyi.
Babu wanda ya tashi ya kashe fitilar.