Rabin Fuskar Inna Dudu

A ƙasan adakar Baffa, a Nafada,
ƙarƙashin rasiɗan haraji da wani saƙi da asu ya ci,
na tarar da ita:
Inna Dudu, a bayan takardar buhun siminti.

Malam Bappayo ya zana ta, in ji Baffa,
shekarar da Gongola ta hauro har gindin tsamiya.
Ya tashi 'yan aji uku, ya biyo ta zaure,
ta ce ba ta da lokacin zaman banza, kaɗi take.
Sai ya tsinci gawayi a murhunta,
allin makaranta ya ƙare masa,
ya gutsuri nata na kaɗi, wanda take shafa wa yatsu.

Bai yi mata launin fata ba.
Takardar ce fatar.
Sau biyar kacal allin ya sauka:
goshi, karan hanci, tudun kunci,
gefen leɓen ƙasa,
da ɗigo guda cikin ido
da bai kai ƙwayar gero ba.
Rufe ɗigon da yatsa, ta mutu.
Ɗaga, ta dawo tana hararar ka.

Hagunta duhu ne.
Da babban yatsa ya murje gawayin,
har yau ga shatin yatsan a wuyanta
kamar wanda ya taɓa ya ji ko da zazzaɓi.
Kunne babu.
Ɗankwali layi biyu ne da suka ƙi haɗuwa.
Hannun da ke murza mazari
ya tafi, ya tafi, ya ƙare a iska.

'Yata Hansatu ta ce, "Ai bai gama ba.
Ina ɗaya idon?"
Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Zauren ƙofa ɗaya ne, ta nan rana ke shiga.
Ni da na sha nononta ma
rabi na sani."

Wani mai hoto a Jekadafari ya ce in kawo,
kwamfuta za ta dasa kunnen,
ta wanke duhun tas, ta sa mata leshi.
Na ce zan yi shawara.

Allin yana zuba.
Duk buɗewa sai goshin ya rage haske,
inuwar kuwa ko gezau.
Jiya da magariba na mayar da ita adaka,
na ga farin gari a tafina,
na tsaya tsakar gida da buta,
ladan na ta kira,
na rasa yadda zan zuba ruwan.