Gurbin Ganga

Faifan ya zo ta gidan waya ranar Talata,
cikin ambulan mai ruwan ƙasa, babu wasiƙa,
sai sunana da rubutun da na sani tun muna aji uku:
Tulio, da wannan T mai kama da ƙugiya.

Noemí ta ce, sa mana mu gani.
Na ce sai an ci abinci.
Da aka ci, na ce sai gobe.
Kwana tara ya yi a kan firiji
kusa da kwalbar maganin hawan jini.

Daren Alhamis, ruwa na dukan taga,
kogin Paraná ya kawo har bakin matakala,
na zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, na zauna.

Ga shi nan. Aníbal.
Kujera ɗaya da fitila ɗaya a kansa,
da jitar da ya saya hannun wani matuƙin jirgin ruwa
a saba'in da huɗu,
har yau ƙunar sigari na nan a wuyanta.
Sumar da sojoji suka aske masa a bayan mota, yana zagi,
shekaru sun sake aske ta, a hankali, bai ce uffan ba.
Ya sa tabarau don ya ga tsirkiya.
Mutumin da kan diro daga saman lasifika
ya faɗa hannun jama'a ido rufe!

Da mu huɗu ne.
Ovidio ƙasa ta rufe masa ido.
Ramiro na Barcelona yana sayar da tayil.
Ni kunnen hagu ya mutu, na dama na jinya.
Kuɗin faifai na uku ya raba mu,
kuɗin da yau ba zai sayi taya ɗaya ba.
Shekara talatin da ɗaya ko gaisuwa.

Muryar ta dushe, ta yi ƙasa
kamar guga a rijiyar da ruwanta ya ja.
Amma yana kai ta, yana jawo ta cike.
Zauren duk furfura ne da tari,
wata mata a layin gaba ta rufe baki da gyale.
Mai ɗaukar hoto ya matso kan hannunsa:
jijiyoyi, zobe ya yi masa yawa,
ɗan yatsa na rawa kafin ya sauka,
in ya sauka kuma daidai.

Waƙa ta bakwai, wadda muka haɗa a garejin uwata
muna tsoron maƙwabta,
akwai inda kowa kan yi shiru, ganga ta shiga ita kaɗai.
Bugu huɗu. Nawa ne.

Da ya zo wurin sai ya ɗage hannu.
Ya waiwaya ta kafaɗar hagu,
inda babu kowa sai baƙin labule.
Ɗaya.
Biyu.
Wani ya yi dariya, ya zaci mantuwa ce ta tsufa.
Uku.
Huɗu.
Ya gyaɗa kai, ya ci gaba.

Na mayar baya. Na sake mayarwa.
A karo na huɗu cokalin da ke hannuna
ya sauka kan tebur ban aike shi ba,
mate ya fantsama kan takardar kuɗin lantarki.

Noemí na bakin ƙofa da rigar barci.
Ta ce, ka yi sauri, kamar kullum.

Na tono ambulan daga kwandon shara,
na miƙar da shi da tafin hannu.
Akwai adireshi a baya, man girki ya ci rabinsa.
Unguwar na san ta. Bas ɗaya ne daga nan,
in har ba su canja masa hanya ba.

A talabijin yana goge tabarau da gefen riga,
ana ta tafi,
ruwa bai tsaya ba.